Na'urar da Ke Wanke Kanta

KINUYO: Alo? Alo! Noboru, kai ne, ko gyare ne ya ɗauki wayar?

NOBORU: Ni ne, Yaya. Ina kwana?

KINUYO: Wane kwana, rana ta take tsaka? Ba na jin komai sai kukan ƙwari. Rufe tagar nan.

NOBORU: In na rufe ai sai in dahu. Ya Nagoya? Ya zafi?

KINUYO: Zafi kam ya yi mana rubdugu. Ya naku a Tajimi?

NOBORU: To, muna nan dai. Ya gwiwa?

KINUYO: Tana nan inda ka bar ta.

NOBORU: Ya shagon taliya? Ana ciniki?

KINUYO: Surukata ce ke juya tukunya yanzu, ni nawa ido da faɗa. Ya ɗan lambunka?

NOBORU: Kokwamba duk ta ƙone. Yalo ne ya ɗan yi.

KINUYO: Wa ya yi?

NOBORU: Yalo! Yalo na ce!

KINUYO: To daina yi mini ihu, ba kurma ba ce ni. Me ya sa kake haki kamar wanda ya hau dutse? Ka ci abinci kuwa?

NOBORU: Na ɗan taɓa taliya mai sanyi. Da shayin sha'ir, tunda likita ya ce in yawaita...

KINUYO: Wane likita?

NOBORU: A'a, ba komai. Likita dai.

KINUYO: Noboru. Ni na goya ka. Tun kana tsumma, in za ka yi ƙarya sai ka fara da "ba komai".

NOBORU: Ɗan jiri ne ya kwashe ni shekaranjiya a bakin ƙofa. Matar Ogata, maƙwabciyata, ta gan ni kwance, ta kira motar asibiti. Ƙarin ruwa kawai aka yi mini, aka sallame ni. Sun ce zafi ne.

KINUYO: Madalla. Kokwamba ta ƙone, mai kokwamba ma ya ƙone.

NOBORU: Ba abin dariya ba ne, Yaya. Matar nan ba ta tsaya nan ba, sai da ta buga wa Chiharu waya.

KINUYO: Da wa kake so ta buga wa in ba 'yarka ba? Mai kai wasiƙa?

NOBORU: Gobe za ta zo, wai saboda Obon, bikin tunawa da matattu. Amma ba Obon ce ta kawo ta ba. Ta ce ta samo mini ɗaki a gidan kula da tsofaffi, can kusa da ita a Yokohama. Wai na daina iya riƙe kaina. A sayar da gidan nan. Gidan matata Fusako, Yaya! Matattu na dawowa gida wannan makon, ita za ta zo ta tarar ana naɗe mini kaya?

KINUYO: Fusako ta rasu ta huta da kai, kada ka jawo ta cikin wannan. Tsaya in tambaye ka. Iyakwandishan ɗinka fa? Ado ne a bango?

NOBORU: Ta lalace. Tun farkon zafi na kashe ta.

KINUYO: Lalace yaya?

NOBORU: Sai gurnani, ba iska. Ɗan abin da ke fitowa kuma wari, kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. In na kunna sai tari ya sarƙe ni. Ruwa ma ɗiga take yi ta baki. Na kira masu gyara, sun ce layi ya kai ƙarshen wata.

KINUYO: Yaushe rabonka da wanke ragar?

NOBORU: Rigar? Jiya ma na yi wanki.

KINUYO: Raga! Ragar da ke tace iska a cikin na'urar!

NOBORU: Au. Ai tamu ba ta da wannan. Irin mai wanke kanta ce.

KINUYO: Iyye? Maimaita in ji.

NOBORU: Mai wanke kanta. Tun da muka saye ta ban taɓa ganin ta yi datti ba. Waccan ta kafinta ma haka. Mu dai muna da sa'ar na'ura.

KINUYO: Tabɗijam! Sa'ar na'ura! Kai, Noboru, sa'ar mata ka yi, ba ka sani ba har ta ƙare. Sunan mai wanke na'urar nan Fusako.

NOBORU: Haba, da na gan ta.

KINUYO: A ina za ka gan ta? Kana bakin kogi da ƙugiya, kana jiran kifin da bai taɓa zuwa ba. Kana fita take hawa ɗan tsaninta. Na sha tarar da ragar nan a shanye a inuwar baranda. Kai in ka dawo sai ka miƙe ƙafa, ka ce, "Kai, na'urar nan akwai sanyi."

NOBORU: Ban... ba ta taɓa faɗa mini ba.

KINUYO: Ta faɗa wa wa? Mutumin da ya yi zaton safa da kanta take komawa durowa? Buɗe kunnenka. Lokacin da ake kunna ta kullum, ko don sanyi da bazara ko don ɗumi da hunturu, duk mako biyu ake cire ragar a wanke. Kafin damina ta kawo fumfuna, a wanke. Sharar ƙarshen shekara, a wanke. In iska ta rage ƙarfi ko ta fara wari, ba a jiran kowace rana, ranar ce. Kai kuma shekara biyu kana shaƙar abin da ko alade zai kawar da kai.

NOBORU: To ai yanzu na ji. In Chiharu ta zo...

KINUYO: In Chiharu ta zo, ta hau ta buɗe da hannunta, ta ga abin da ke ciki, ko takalminka ba za ta bari ka ɗauka ba. Tashi yanzu. Zare wayar wutar daga bango tukuna. Ɗauko ɗan tsanin, kada ka hau mini kujera.

NOBORU: Jirin fa?

KINUYO: Taki biyu ne, ba dutsen Fuji ba. Sha ruwa, dafa bango. In ka ji ƙasa na juyawa, ka zauna.

NOBORU: To bari in sa ki a aljihu... sai na matsar da... akwai nauyi...

KINUYO: Alo? Me kake ja haka? Ba na jin ka!

NOBORU: Na ce sai na kawar da hoton Fusako da kwanon shinkafarta. Da kaskon turare. Suna ƙarƙashin na'urar.

KINUYO: Ƙarƙashin me? Butsudan ɗin, kabad ɗin girmama matattu, ba a ɗakin ciki yake ba?

NOBORU: Na dawo da shi falo bayan rasuwarta. Kin san ba ta jure zafi. Ɗakin ciki kamar tanda yake. Na ce gara ta zauna inda iska za ta riƙa bugunta.

KINUYO: Ka ɗauko kabad ɗin matattu kacokan, ka girke shi a bakin iyakwandishan don marigayiya ta sha iska.

NOBORU: To laifi ne?

KINUYO: Turaren fa? Sau nawa kake kunna mata?

NOBORU: Safe da yamma. Da duk lokacin da na ji kewa.

KINUYO: Wato wuni. Kai, tir! Hayaƙin ina kake zaton yake tafiya? Sama wajenta? Cikin na'urar yake shiga, sakarai! Tana da rai ba ka taɓa miƙa mata mafici ba, ta mutu ka toshe na'urar gida da turarenta, kai kana faɗuwa a bakin ƙofa, ita ko sanyin ba ta samu ba.

NOBORU: Yaya, ki rage. Na hau.

KINUYO: Sa yatsu a gefe biyu, ɗaga murfin sama. Ba da ƙarfi ba.

NOBORU: Ya buɗe... Wayyo.

KINUYO: Me ka gani?

NOBORU: Babu raga a nan. Wani baƙin bargo ne aka shimfiɗa.

KINUYO: Ita ce ragar. Gaishe ta, yau kuka fara haɗuwa. Biyu ne, dama da hagu. Tura sama kaɗan, ka zaro ƙasa.

NOBORU: Tana danƙo... kamar kwalta... atishoo! Kash! Kash!

KINUYO: Ka faɗi?

NOBORU: Ban faɗi ba. Ta hagun ce ta karye a hannuna. Ƙurar duk ta zubo kan butsudan, har cikin furanninta.

KINUYO: Ba yau ta fara kwashe dattinka ba. Ka goge daga baya. Ta daman fa?

NOBORU: Ta fito lafiya. In wanke da ruwan zafi?

KINUYO: Ka narkar da ita ke nan. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, da tsohon buroshin haƙori, ta baya. Ka shanya a inuwa, kada ka mayar da ita da laima. Amma ji nan: raga in ta yage, ko ta sandare, ko an wanke baƙin ya ƙi fita, ta gama aiki, canzawa ake yi. Taka ɗaya ta karye, ɗayar kuma ta sha turaren da ya ishi haikali guda. Canza duka biyun.

NOBORU: A ina zan samu yau?

KINUYO: Shagon kayan wuta na bakin tasha. Sa karyayyar a leda ka kai masa ya gani. Ka ce ya biyo ka ya duba cikin, don fumfunar ba a raga kaɗai ta tsaya ba. In ya ce ba shi da lokaci, gaya masa motar asibiti ta ɗauke ka shekaranjiya. Ajiye kunyar nan taka. Kuma tasi za ka hau, in na ji ka hau keke a wannan rana...

NOBORU: Ko na yi duk wannan, Chiharu ta riga ta yanke. Ba ki ji muryarta ba.

KINUYO: Na ji. Jiya ta kira ni, tana kuka.

NOBORU: Ta kira ki? Wato tun ɗazu kin san komai, kika bar ni ina...

KINUYO: Na bar ka in ga ko za ka iya haɗa magana. Ba ta yanke ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, ke kika san shi tun yana yaro. Kira shi ki ji. In kin ga kansa ya fara tafiya, jibi zan taho da shi. In kin ce a bar shi, zan bar shi."

NOBORU: Wato ke ce za ki...

KINUYO: Alo? Ka sume ne?

NOBORU: Ina nan. To me za ki ce mata, Yaya? Bayan abin da kika ji yau?

KINUYO: Gaskiya zan faɗa mata. Tana tsoron tsufa ne ya taɓa maka kai. Ba tsufa ba ne. Haka kake kana ɗan shekara talatin, uwarta ce kawai ta rufa maka asiri. Gidan tsofaffi ba ya maganin wannan, asarar ɗaki za a yi.

NOBORU: Wato zan zauna?

KINUYO: Wato za ka zauna in gobe ta buɗe ƙofa sanyi ya tare ta. Ka mayar da Fusako ɗakinta, ka saya mata fanka in ka damu. Amma yarinyar nan ta shigo ta same ka da mafici kana haki, ni da kaina zan hau jirgin ƙasa in zo in ɗaure maka kaya.

NOBORU: Yaya, na go...

KINUYO: Riƙe godiyarka, sauko daga tsanin tukuna. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ka taka ƙasa?

NOBORU: Na taka.

KINUYO: Yauwa. Ga Chiharun nan tana kira, kashe.

NOBORU: Tsaya! Zancen turaren nan, ba sai kin gaya mata ba, ko? Yaya? Alo?