Wa Zai Wanke Kabarin Len

Mai girma Shugaban Majalisar Gari, jagoran wannan zama. Mai girma Rabaran na cocinmu. Shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji da mambobinta, waɗanda muke tsaye yau albarkacin wuyar da suka sha. Shugabar makaranta da malamanta. Baƙinmu 'yan sa-kai daga ƙasar Japan. Makiyaya da suka baro tumaki ana tsakiyar haihuwa. Iyaye mata da suka cika mana tebur da shayi da burodi. Jama'ar Mirrabool maza da mata, manya da yara, ina yi muku barka da yamma, barkanku da zuwa.

Ina gode wa majalisa da ta ba ni wannan dama, ina gode muku da kuka ba ni kunnuwanku. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Noeline Treloar, wadda ta tuƙa motar makaranta har furfura ta kama ta. Shugaba ya raɗa mini cewa in taƙaita. To, lokacin yana ɗan makaranta na sha jiransa a bakin titi yana neman takalminsa ɗaya, yau shi ma sai ya jira ni.

Abin da ya tara mu sananne ne. Za mu ɗaga hannu mu yanke ko a sabunta zumuncinmu da garin Kasanuma na Japan, nasu su ci gaba da zuwa suna koya wa yaranmu harshensu da girkinsu, namu su ci gaba da zuwa can suna koyar da Turanci suna taya girbi, ko kuwa a rufe shirin kowa ya zauna gidansu. Dalilin ƙuri'ar kuwa shi ne abin da ya faru a maƙabarta cikin watan Agusta.

Magana ta farko, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Baba Clarrie Dunstan da ƙanensa Len sun faɗa hannun sojojin Japan lokacin yaƙi. Aka sa su aikin bauta, ana ba su 'yar shinkafa mai tsutsa da ba ta cika tafin hannu ba. Su biyun sun dawo, amma Len ya dawo ne fata da ƙashi, bai daɗe ba muka binne shi. Rabin ƙarni ke nan ƙwayar shinkafa ba ta shiga gidan Baba Clarrie ba. Marigayiya matarsa, in marmarinta ya kama ta, gidanmu take zuwa ta ci a ɓoye ta wanke baki.

Malama Fumie Kuwahara, ɗaya daga cikin baƙinmu na Japan, ga ta can zaune kanta a sunkuye, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kuma a gidana ta sauka. Agusta lokacin ziyarar kaburbura ne a wurinsu. Ta ɗauki bokiti da buroshi ta tafi maƙabarta, ba ta shawarci kowa ba. Ta tarar da kabarin wani soja, gansakuka da kashin tsuntsu sun rufe sunan. Ta goge shi tas, ta kwarara masa ruwa daga sama, ta ajiye dunƙulen shinkafa a gabansa, ta rusuna, ta dawo gida tana ganin ta yi abin kirki. Ranar Lahadi Baba Clarrie ya dogara sandarsa ya je gaida ƙanensa, ya iske shinkafa a kan kabarin Len.

Ya same ni a ƙofar gida, ya ce, “Noeline, ina baƙuwar taki? Shinkafar da ta cinye mini ƙane da ransa, ita aka biyo shi da ita har kabari?”

Jama'a, kuskure ne, kuma kuskure mai ciwo. Ni kaina zuciyata ta ƙuna, na kuma ji kunyar dattijon nan har na rasa inda zan sa idona. Duk wanda ya ce ƙaramin abu ne, bai ga Len ba ranar da aka sauko da shi daga jirgin ƙasa. Amma baƙo makaho ne ko yana da ido, abin da yake girmamawa a garinsu yana iya zama tsokanar miki a garin wasu.

Magana ta biyu ita ce wadda ba ta zagaya gari ba, don labarin faɗa ƙafa gare shi, na sulhu kuwa sai an goya shi. Da na bayyana wa Malama Fumie abin da ta taɓo, ta yi kuka, ta shiga haɗa kayanta. Na ce mata, “Ajiye jakar nan, 'yar'uwa. Ba a guje wa Baba Clarrie, mai gudu ya fi ba shi haushi.” Muka same shi a baranda yana wasa almakashin askin tumaki. Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa gwiwa.

Ya ce, “Miƙe. Na yi wa mutanenku rusunawar da ta ishe mu ni da ke. Me Len ya yi miki?”

Ta ce, “Baba, ban san shi ba. A wurinmu mamaci yana jin ƙishi, yana jin yunwa, sai nasa sun kai masa. Mahaifina soja ne, yunwa ce ta kashe shi a dajin New Guinea. Akwatin da aka kawo wa mahaifiyata, ba komai ciki sai ɗan dutse. Ban taɓa samun kabarinsa na wanke ba. Na ga kabarin soja ya yi datti, hannuna ya ƙi haƙuri.”

Ya daɗe yana duban almakashin. Can ya ce, “Ashe naku ma ba su ciyar da nasu ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Dutsen dai ya wanku, wannan ba zan yi ƙarya ba. Ni gwiwata ta daina yarda in durƙusa.”

Ba zan ƙawata muku labari ba. Bai ba mu shayi ba, bai miƙa mata hannu ba, ba a rungumi juna ba. Amma tun daga ranar, duk Lahadi bayan coci ni nake ɗaukarsu a mota, shi a gaba, ita a baya da bokitinta. Yana tsaye yana nuni da sanda yana cewa, “Kin bar nan.” Tana gogewa. In ta zo kwarara ruwa ya ce, “A hankali, 'yar nan, fari ake yi, tumaki ma nema suke.” Ita kuwa ta ce, “To, Baba,” ta juye bokitin duka.

Magana ta uku taku ce, ku da kuka ce a rufe shirin don kare mutuncin Baba Clarrie. Na yarda don ƙauna kuka faɗa, na yarda wasunku ma akwai nasu mikin. Amma wa ya je ya tambaye shi? Kada mu fi mai kora shafawa. Mu da muke tunawa da sojojinmu rana ɗaya a shekara, mu busa ƙaho, mu ajiye furanni, mu wuce shan giya, a cikinmu aka bar gansakuka ta rufe sunan Len. Ba zan kira sunan kowa ba, kowa ya tambayi zuciyarsa.

Ku kuma baƙinmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku riƙa tambaya kafin ku aikata, mu kuma mun ɗauki alkawarin zaunar da duk wanda ya zo mu nuna masa inda ke mana ciwo. Namu masu zuwa can su ma za a ja musu kunne, don na ji labarin wanda ya taka tabarmar ɗakin mutane da takalmin gona, aka yi masa murmushi aka ba shi shayi. Shugaba ya san ɗan wane ne.

Baba Clarrie bai zo ba, kun san shi da taro. Jiya da safe na je na ce masa, “Baba, za a yi ƙuri'a da sunanka, me zan gaya musu?” Ga abin da ya ce, da izininsa nake maimaitawa: “Ki gaya musu ban yafe wa waɗanda suka yi mana abin da suka yi ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma matar nan ba ita ta yi ba. Ni ba ɗa, ba jika, kuma filin kabarin da ke gefen na Len nawa ne. In kun kori mutanen nan, wa zai zo mana? Ki ce mata ta gaya wa wanda zai biyo bayanta. Ruwa dai, ban da shinkafa.”

Malama Fumie za ta koma gida a ƙarshen shekara. Ko wani zai biyo bayanta ya karɓi wannan saƙo, ko saƙon zai mutu a bakinta, hannuwanku ne za su faɗa, ni dai nawa ga shi a sama tun yanzu.

Allah Ya ji ƙan waɗanda yaƙi ya ci, namu da nasu, masu kabari da marasa kabari. Allah Ya sanyaya zuciyar waɗanda suka rage, Ya ƙara wa Baba Clarrie lafiya. Allah Ya ba mu ruwan sama mai albarka, Ya raya mana 'ya'yanmu ba tare da sun ga abin da iyayenmu suka gani ba. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya, Ya kuma mayar da kowannenku ga iyalinsa lafiya.

Na gode.