Ranar da Baba Ya Sa Ankonmu

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Ishaya. Wasunku sun san ni a bakin titin Masaka, ni ne kwandastan nan mai ihun "Wuse, saura mutum ɗaya!" alhali motar babu kowa. Ku yi haƙuri in kun ga ina ta motsi, ban iya tsayuwa wuri ɗaya ba, makaranta ma haka na baro ta. Kuma gaskiya har yanzu ban tabbata wannan shaida ce ba. Mama Rahila, shugabar zumuntarmu, ce ta ce in tashi.

Babana Yohanna birkila ne, yana shan burkutu. Ban ce da yana sha ba. Yana sha.

Kun san yadda muke yi a nan ranar Kirsimeti: kowane gida da ankonsa, a kira sunan gida, ku taso da rawa ku kai godiya gaba. Kowace shekara sai Mama ta ɗinka wa Baba tasa rigar. Kowace shekara rigar tana rataye a ƙusa, mai ita yana gidan burkutu. Ni na ma daina yi masa magana. In ya shigo in fita.

Mama ce ta ja ni zumuntar iyalan masu sha, wadda ake yi ran Asabar a bayan coci. Na ce, "Ni ba na sha, me zan je yi? A kai mai shan mana."

Mama Rahila, wadda ke jan zumuntar, mijinta ma yana sha, ta dube ni ta ce, "Ɗana, zauna. Shi yake sha, amma kai kake layi."

Ban gane ba. Na dai zauna saboda akwai zoɓo da cincin.

Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti aka ce kowa ya faɗi yadda bikin yake zuwar masa. Baba Bitrus, tsohon direba, wanda ɗansa ne mai shan, ya ce, "Ni kajin Kirsimeti a gidan maƙwabci nake ɓoye su. Ɗana ya fi ni sanin hanyar kasuwa." Aka yi ta dariya. Shi ma yana dariyar, sai ga hawaye. Wata ta ce ita da za a tsallake Disamba a faɗa Janairu, da ta gode. Kai! Ashe ba gidanmu kaɗai ba ne!

Aka riƙe hannu za a yi addu'a. Mamana ta ɗaga murya: "Uba, bana ka kawo mini mijina cikin rigarsa." Ni kuwa hannuna na cikin nata, a zuciya ina cewa, "Allah, kada ya zo. Kada ya zo ya kunyata mu." Muka ce amin tare.

Ranar Kirsimeti aka kira, "Gidan Yohanna!" Muka tashi, ni da Mama da ƙanwata Saratu. Sai muka ji daga ƙofa: "Ku jira ni! Ni ne Yohannan!"

Baba ne. Cikin anko. Maɓallan sun tsallake juna, warin ya riga shi shigowa. Yara suka fara ƙyaƙyatawa. Na nufe shi. Na sha sauke ƙarti daga mota, fitar da shi ba zai yi mini wuya ba.

Baba Bitrus ya cafke hannuna. "Ina za ka kai shi?"

"Waje, Baba."

"Wajen ai nan ya fito. Kama masa wancan hannun."

Kafin in ce wani abu, 'yan zumuntar sun taso, kowa da ankon gidansa daban, suka kewaye mu. Mama Rahila ta rangaɗa guɗa, masu ganga suka ƙara wuta. Muka tafi gaba a dunƙule, ba ka gane mai layi da mai rawa. Da muka isa, Baba ya durƙusa. Ko faɗuwa ya yi, ban sani ba har yau. Na sunkuya zan ɗaga shi, ya ce, "Ishaya, rigar ta yi mini kyau?"

Na ce, "Ta yi, Baba." Sai kuka ya ƙwace mini, a gaban kowa.

To, ga inda kaina ya kulle. Washegari Baba ya koma gidan burkutun. Addu'ar Mama aka amsa? Ai ba a haka ta roƙa ba. Tawa kuma an ƙi ta sarai. Amma ni ɗin da aka ƙi tawa, ni ne na tashi babu dutsen da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji. Na tambayi Mama Rahila, ta ce, "Ni ma ban sani ba, ɗana. Sha zoɓonka."

Ran Talata muka wuce shi yana jera bulo a rana. Na diro daga mota na miƙa masa ruwa, oga direba yana ta danna hon yana zagina. Baba ya sha ya rage mini, na shanye.

Na gode wa Yesu! Bai gama da Baba ba, amma ya mayar mini da uba. In akwai mai sha a gidanku, ku zo ran Asabar, benci na nan. Kada ku jira sai kun gane aikin Allah kafin ku dogara gare shi. Ga ni nan, ban gane ba, ina kuma godiya.

Ku yabi Ubangiji!