Wayar Haya da Shanun Huɗa

A tashar Wudil, muna jiran mota ta cika, wani manomi ya dubi malamin jami'ar da ke gefensa.

"Malam, yau na sayar da shanuna na huɗa. Wayar salula zan sayo, mutanen garinmu su riƙa bugawa suna biya."

"Mu abin da muke koya wa ɗalibai, in kana son hango gaban sabon abu, dubi yadda na baya ya yaɗu. Rediyo nawa ce a garinku kana yaro?"

"Ɗaya tal, ta mai unguwa."

"Yanzu fa?"

"Har matata tana da tata." "Wato wayar ma haka?"

"Aljihun kowa za ta shiga."

"To ai garinmu ba wuta. Kafin su saya na mallaki janareto. Wurina dai za su dawo caji."