Faifan Da Ke Tsalle A Waƙa Ta Uku

A rumfar tsofaffin faya-fayan garmaho da ke kasuwar Lahadi a Rosario, hannun Nélida da na wani dattijo mai gogaggiyar riga suka sauka kan faifai ɗaya. Shi kaɗai ya rage.

"Baiwar Allah, bar mini shi. Shekara arba'in ina nemansa. Jikanki za ki saya wa? Ba zai saurara ba."

"Kaina zan saya wa."

"Ke da kiɗan samari na rok?" Ya yi dariya. "Yaran nan faifai ɗaya suka yi, ko rediyo bai kula su ba. Amma mai jitar nan, wallahi duk ƙasar nan babu kamarsa. Shekara guda cur kullum sai na ji shi a wurin aiki. Namu har ya kwarzane, yana tsalle a waƙa ta uku."

Nélida ta ƙura masa ido. "Daidai inda ganga ke shigowa."

"Ashe kin san shi."

"Zamanin soja ina ɗaure a ɗakin ƙasa, idona a rufe. Kuna ƙure ƙara don kada maƙwabta su ji ihu. In faifan ya yi tsalle, sai in ji muryar wanda ake azabtarwa, kafin wani ya gyara allurar. Da haka na san ƙanena yana raye, har kwana tara."

Dattijon ya janye hannunsa. "Ni faifai kawai nake sawa."

"Nélida ta ce, "A rana ta goma ya yi tsalle, ban ji kowa ba. Kana wurin, dattijo. Ina kuka kai shi?"