Inuwar 'Yan Tsaki

A tashar Kakuri, shekarar da aka yi fari, Malam Tanimu yana jiran motar Kakau da kwalin 'yan tsaki. Zafi ya kashe biyu, sauran suna haki. Wata mai buhun citta ta buɗe musu lemarta.

"Allah ya saka da alheri, Madam. Na ji a rediyo masana sun ce za a iya fesa ƙura a sama, a rage rana. Da na huta."

"Ka huta, ni fa? Da numfashinka zan busar da citta?"

"Kaɗan za su rage."

"Wa zai auna kaɗan ɗin? In damina ta ƙi zuwa garinmu Kwoi, ƙofar wa za mu buga?"

Ya leƙa kwalin. Hakin ya lafa.

"Amma inuwa tana ceto, kin gani."

"Wannan lemar in ka ce in naɗe, zan naɗe. Su masanan fa, wa zai gaya musu?"

Kwandasta ya kira ta, saura mutum ɗaya.

"Madam, motarki ce," in ji Malam Tanimu.

"Wata za ta zo. Matso da kwalin, rana ta juya."