Ranar da Zazzaɓin Yaya Salisu Ya Sauka

Keken ɗinkina na sayar na cika kuɗin jirgi, ku bar ganina haka. Yaya Salisu, wan babanku, yana karatu a Kuala Lumpur, ya ce in zo mu riƙa dafa wa ɗalibai tuwo ni da matarsa Binta. Titiwangsa sunan unguwar, ni kuwa Titin Wanzamai nake ce mata, 'ya'yansa su yi ta dariya.

Mai gidan da muke haya jarababbe ne. Kullum yana bakin ƙofa, kowace magana sai ya ƙare ta da "lah" irin na mutanen can.

"Warin me ne wannan, lah?"

"Daddawa ce."

"Ta mutu ne?"

Shekarar da denggi ta cika gari ke nan, zazzaɓin da sauron rana ke kawowa. Kullum ana feshin maganin sauro, kullum ana ɗaukar wani zuwa asibiti. Da ta kama Yaya ko gezau ba mu yi ba. Mutumin Kano za a koya wa zazzaɓi? Muka ba shi maganin maleriya da muka taho da shi daga gida. Ya yi ta rawar ɗari yana cewa ƙasusuwansa kamar ana sara.

Wata safiya gumi ya karyo masa, jiki ya yi sanyi. A wurinmu ai an warke ke nan. Binta ta toya wainar sadaka. Muka kira Inna a waya, Yaya da bakinsa ya ce mata ya miƙe.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar ƙasar da muke kira Makci, ta karɓi wainar ta tsaya tana kallonsa.

"Zafin ya sauka? Ku kai shi asibiti yanzu. Wannan ciwon sai ya sauka yake kisa."

"Makci, ai mun gama da shi," in ji Yaya. "Makan, makan." Wato ci, ci, da yarensu.

Washegari ya yi asuwaki, jini ya ƙi tsayawa. Ciki ya ɗauki ciwo. Da muka isa asibiti likita ta tambaye mu yaushe zafin ya sauka, muka faɗa, ta sa aka shige da shi ciki da gudu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba.

Bai fito da rai ba. A can Kuala Lumpur aka binne shi, cikin mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa ba.

Na dawo da Binta da yaran, ba ko tsarabar alawa. Inna tana zaune a tabarma. Ba ta yi kuka ba, hannuna kawai ta riƙe.

"Rabi, ba kun ce mini ya warke ba?"

Har ta rasu tana yi mini wannan tambayar.