Man da ba ya cin wuta

Kuɗin jirgina na zuwa Jidda daga injin niƙan Inna suka fito. Ta sayar da shi ba ta shawarci kowa ba. Ku yaran gareji, ku ajiye wayoyin nan ku ji.

Na samu aiki a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake gyaran injinan ɗaga kaya. Satin farko ina jin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, yana ta "yalla, yalla", na zaci wani Bafillatani yake kira, ashe "yi sauri" yake nufi. Haidurolik kuwa, man nan da ke tura ƙarfe, wata guda ina ce masa Haidar Maliki.

A nan na san Injiniya Bashir, Bahaushen Sudan. Shi ke gwajin wani sabon mai, ja kamar zoɓo, wai kusan rabinsa ruwa ne. Na yi dariya, na ce ruwa ai tsatsa yake kawowa. Bai yi musu ba. Ya gasa ƙarfe, ya ɗiga tsohon mai, wuta ta tashi. Ya ɗiga nasa, sai tururi. Ya ce a tsakiyar teku babu 'yan kwana-kwana. Sharaɗinsa ɗaya, sai an wanke tsohon mai tas kafin a zuba.

Ran nan wani jirgi yana sauri, Bashir kuma ya tafi unguwar Bagdadiyya. Kafili ya ce in zuba wa injin jirgin sabon man a kan tsohon.

"Ranka ya daɗe, ba a wanke ba."

"Halas, ya isa, zuba. Ka manta wa ya yi maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan?"

"Ban manta ba. Amma akwai mutane a cikin jirgin nan."

Na wanke abina har la'asar, sannan na zuba. Washegari ya mayar da ni sharar sito.

Ina wannan shara jirgin ya dawo. Babban makanikensu ya zo yana tambayar wanda ya yi aikin. Ashe tiyo ya fashe musu a teku, man ya fesu a kan bututu mai zafi, mutum uku suna tsaye a wurin. Sun fito jajur a jiƙe, babu wanda ya ƙone.

Kafili ya dafa kafaɗata ya ce shi ya koya mini. Bashir ya dube ni, na dube shi, muka ƙyale shi.

Na ƙara shekara shida, na dawo na buɗe garejin nan. To in na ce a wanke injin tifa kafin a zuba mai, ku yi ta gunaguninku. Wanda ya riƙe iƙamata ma bai sa na fasa ba.